Ruwan fari da kwaltar Sakkwato: a haɗa littafin yanayi da littafin haɗurra

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato hannun yanayi a haɗurran mota a hanyoyinmu, tun kafin hadarin bana ya fara haɗowa daga gabas.

Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a makarantun sakandaren jihar nan, kuma a mafi yawansu ina da ma'aunin ruwan sama kafe a bayan ofishin malamai. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, yara biyu za su je su juye abin da ya taru a kwalbar awo, mu rubuta milimita nawa ne, da kwanan wata. Don darasi na fara, daga baya ya zama mini ɗabi'a. Ban taɓa kawo wa raina cewa wannan littafi yana da abin faɗa game da hanyar mota ba, sai da ƙanena ya rasu.

Direban ƙaramar motar haya ne, Sakkwato zuwa Gusau, shekara 18 yana kan wannan hanya, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Mutum ne da abokan sana'arsa ke yi wa tsiya saboda rashin gudu. A ƙarshen watan Mayu na wata shekara, yana dawowa da la'asar, ya wuce Dange ya doshi Shuni, sai aka soma yayyafi. Ba wani ruwan kirki ba, irin wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa ne kawai ya ɗauke. Wani mai amalanken shanu ya hawo titi, ƙanena ya taka burki, motar ta juya gicciye ta tafi a haka har ta daki kan kwalbati. Shi da fasinja biyu ba su kai asibiti ba. Wani dattijo da ke kujerar baya, wanda Allah ya yi wa sauran kwana, ya zo mana ta'aziyya da hannu a naɗe, ya ce da ni: "Wallahi Malam, ba gudu shi kai ba. Burki yat taka, mota taƙ ƙi tsayi, kamar an aza ta bisa sabulu."

Takardar da aka ba mu daga baya ta ce gudun wuce kima da ƙwacewar mota. Ba na ganin laifin waɗanda suka rubuta. Kafin su iso wurin kwalta ta bushe ƙamas, don a zafin Mayu yayyafi ba ya rabin awa a kan titi. Abin da idonsu ya gani suka rubuta. Mun karɓi ƙaddara, mun yi masa addu'a, kuma har yau muna yi. Amma da na koma makaranta bayan sadakar uku, na buɗe littafin awo, sai na ga yaran sun rubuta ɗan ruwan wannan yammaci a layin farko na sabon shafi. Layin da ke gabansa na farkon Oktoba ne. Sama da kwana 200 ke nan ɗigo bai taɓa kwaltar nan ba.

Shekaru bayan haka wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a jami'a ya turo mini wasu takardun bincike, ya ce ya san za su shafe ni. A cikinsu akwai na wani masani, Daniel Eisenberg, da ya fito a 2004 lokacin yana Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. Abin da ya yi ba wani sihiri ba ne. Ya ɗauko bayanan haɗurran da aka rasa rai a Amurka daga 1975 zuwa 2000, ya ɗauko bayanan ruwan sama na jiha-jiha, ya jera su rana da rana. Sai ya ga ruwan santimita 1 yana ƙara haɗurran mutuwa da kusan kashi 3 cikin 100 idan kwana biyu ne rabon da a yi ruwa, amma idan an haura kwana 20 ba ruwa, wannan santimita 1 ɗin dai yana ƙara su da kusan kashi 9 cikin 100. Ya kuma ga wani abu da zai ba mutum mamaki da farko: in aka duba wata-wata, watan da ruwa ya yi yawa haɗurran mutuwa raguwa suke yi. Masu bincike a birnin Melbourne na Ostareliya su ma sun tarar cewa ruwan da ya biyo bayan dogon fari ya fi kawo haɗari.

Na daɗe da takardar nan a hannu. Su kwana 20 ne suke kira dogon fari. Mu fa da muke wata bakwai?

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa durƙusawa ya shafa kwalta a watan Afrilu. Baƙin mai na ɗiga daga tsofaffin injuna, gas na tsiyaya daga tankoki, taya na barin garin roba, ga ƙurar hunturu mai laushi kamar garin alkama ta kwanta ta cike ƙananan ramukan da ke sa kwalta ta yi kaushi, ga kashin dabbobin da ake korowa kasuwa. Duk wannan yana taruwa tun daga kaka. Idan mamakon ruwa ya zo sai ya wanke shi ya kai gefe. Idan yayyafi ne, kwaɓa shi kawai yake yi, titi ya koma kamar an shafa masa yauƙin kuɓewa. Shi ya sa markar Agusta, duk da yawanta, kan samu titi a wanke da direba a ankare. Ruwan fari kuwa, wato na farkon damina, yakan samu direban da ƙafarsa ta saba da busasshen titi tun bara, da robar waifa da rana ta ƙona ta tsattsage, wadda ba zai san ta mutu ba sai ya kunna ta ta dama masa laka a gilas.

Tsofaffin direbobi sun san wannan tun kafin a haifi mai binciken. Wani da muke sallah masallaci ɗaya, wanda ya tuƙa gingimari zuwa Legas tun zamanin da ake bi ta Jega da Kwantagora a kwana uku, ya ce mini: "Ruwan hwarko shi aka tsoro, Malam. Mu in munka ga ya sauko, gehe muka yi mu sha hura har shi wanke hanya." Sanin yana nan. Abin da babu shi ne hanyar da zai bi ya kai ga yaron da ya karɓi mota bara.

Kada a ce kuma sai ruwan fari kaɗai. A 2019 wasu masana yanayi a Amurka, ƙarƙashin Scott Stevens, sun yi amfani da na'urar hango ruwa ta rada suka duba ko ana ruwa ko ƙanƙara a daidai wuri da daidai lokacin da haɗurran mutuwa sama da 125,000 suka auku tsakanin 2006 da 2011. Sun tarar da haɗarin yana ƙaruwa da kashi 34 cikin 100 idan ana zubarwa. Ko yayyafi ne yana ƙaruwa da kashi 27, idan kuwa kamar da bakin ƙwarya ne ya kan ninka sau biyu da rabi. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ce motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana bukatar mita 53 kafin ta tsaya a busasshen titi, kuma a jiƙaƙƙe aƙalla ninki biyu ne. Wato tsawon filin ƙwallo guda, daga raga zuwa raga. Wannan kuma da taya mai zane da burki mai ci ake magana.

Akwai wani lissafi da nake so kowane mai faci a garin nan ya sani. Tun 1963 injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suna binciken yadda jiragen sama ke zamewa a jiƙaƙƙen fili, suka gano cewa idan ruwa ya kwanta a titi har ya fi zurfin zanen taya, akwai gudun da in an kai shi tayar za ta rabu da kwalta ta hau kan ruwan. A wannan hali sitiyari da burki duk ba su da amfani. Gudun kuma ya danganta da iskar da ke cikin tayar. Idan gejin mai faci ya nuna 32, abin na faruwa wajen kilomita 94 a awa. Idan an rage iskar zuwa 24, tun wajen kilomita 82 zai faru.

Na kawo wannan ne saboda wata al'ada da ta yi kaka-gida a tashoshinmu. Da bazara ta kama sai ka ji direba na ce wa mai faci ya sassauta masa iska, wai kada zafi ya kumbura taya ta fashe. Niyyar mai kyau ce, amma akasin haka ne ke faruwa. Taya mai ƙarancin iska, ga lodin buhunan albasa a but da bisa rufi, lanƙwasa take yi tana miƙewa a duk juyi, wannan lanƙwasar ce ke dafa ta daga ciki har zarenta ya rabu da roba. Zafin kwalta, wanda da tsakar ranar Afrilu kan haura digiri 60, yana ƙara mata ne kawai. To tayar nan da aka sassauta a Afrilu, in ta tsira, ita ce za ta shiga ruwan Yuni. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, kuma shekarun na rubuce a jikinta: lambobi huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Na san kuɗin sabuwar taya a yau, na san dalilin da ya sa talakan direba ke sayen ta hannu. Amma karanta lambobi huɗu kafin a biya kuɗi ba ya cin ko kwabo.

Bazara ba taya kaɗai take ci ba. Tana narkar da kwalta, manyan motocin siminti da tankoki su bi ta kai su bar kwari biyu dogaye a sawun ƙafafunsu. Duk mai bin hanyoyinmu ya san su, mota har jan kanta take yi ta faɗa ciki. Damina na zuwa ruwa ya kwanta a cikin kwarin nan, daidai inda tayar ƙaramar mota za ta bi. Sannan tana cin direban kansa. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, wani bincike da ya fito a 2015 ya duba haɗurran 2000 zuwa 2011, ya ga a ranakun tsananin zafi haɗari na ƙaruwa da kashi 2.9 cikin 100, amma irin haɗarin da ke da nasaba da gajiya, gyangyaɗi ko shagalar direba yana ƙaruwa da kashi 7.7. Zafin da suke kira tsanani can, a nan ranar sauƙi ce a watan Afrilu, lokacin da digiri 40 ba labari ba ne. Ka ɗora a kan haka daren da ba a yi barci ba saboda zafi da rashin wuta, da motar da ba ta da na'urar sanyi, da shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Direban da ya taso daga Illela da ƙarfe 2 na rana a irin wannan hali yana bukatar wani ya ce masa ya dakata sai rana ta yi sanyi, kuma fasinja su yarda.

Hazo kuma nasa salon daban ne, kuma shi ne ya fi ba ni takaici, don ana ganin zuwansa tun daga nesa. Yawancin ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki a arewa maso gabashin Tafkin Chadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Tauraron ɗan'adam na ganin ta tun tana tashi, kuma kafin ta iso nan akwai tazarar da za a yi shela. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗi cewa nisan gani zai sauka zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka. Matuƙin jirgin da zai sauka filin jirgin Sultan Abubakar na III yana samun wannan labari, har a ɗage tashi ko a fasa. Jirgin nan mutum nawa ya ɗauko? Mutum nawa ne kuma suka fita daga babbar tasha a safiyar nan, zuwa Illela da Argungu da Tambuwal da Goronyo?

Wani zai ce ai mita 500 ma ta isa mutum ya ga abu ya tsaya. Haka ne, in tsayawa ce kawai. Amma hanyoyinmu galibi falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa, kuma kisa a wajen wuce tirela yake. Motoci biyu da suka fuskanci juna kowace tana gudun 100 suna cinye kusan mita 56 a daƙiƙa ɗaya. Mita 500 daƙiƙa 9 ce. Kuma motar da za ta ɓullo daga cikin hazon sau da yawa fara ce ko mai ruwan toka, kalar hazon kanta, ba ta kunna fitila ba don direbanta na ganin ai rana ce. Da asuba ko bayan magariba abin ya fi muni: raƙumi, amalanke, babur marar wutar baya, tirelar da ta lalace aka jera mata ganye, ga hayaƙin ƙunar daji da ake sakawa a bakin hanya bayan girbi. Direba ya ƙure doguwar wuta don ya gani, ƙurar ta dawo masa da hasken a ido.

Mafi tsanani ita ce jar ƙurar da ke gaban hadari a farkon damina, wadda ke tasowa kamar katanga daga gabas ta rufe gari a minti kaɗan, mutum ba ya ganin bonet ɗin motarsa. Wannan ba mu kaɗai take damu ba. Ranar 1 ga Mayu 2023, ƙurar gonakin da aka yi wa huɗa ta rufe wata babbar hanya a jihar Illinois ta Amurka, motoci sama da 70 suka afka wa juna, mutum 8 suka mutu. A jihar Arizona, wadda hamada ce irin tamu, a 2020 an kafa na'urorin auna ƙura a wani yanki mai tsawon kilomita 16 na hanyar da ta haɗa Phoenix da Tucson. Da ƙura ta taso allunan lantarki ke rage iyakar gudu da kansu, daga mil 75 har zuwa mil 35 a awa. Shawarar da suke ba direbobinsu ita ce ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka ja burkin hannu, ka ɗage ƙafa daga burki, ka kashe duk fitilu. Kashe fitilun ya ɗaure mini kai da farko, sai da na tuna yadda namu direbobin ke bin jar wutar motar gabansu idan gani ya ɗauke. Wanda ya tsaya a gefe da wuta a kunne, na baya zai ɗauka hanya ce ya biyo shi ya haye masa.

Sai dai a nan ne nake cewa binciken wasu ba zai isar mana ba. Akwai hanyoyi a gabashin jihar nan da ba wanda zai iya ce wa direba ya tsaya a dokar daji ya kashe fitila ya jira, kowa ya san dalili. Direban irin wannan hanya dole ya san labarin sama tun yana tasha, ya yanke shawarar fita ko zama a inda akwai mutane.

A cikin gari ma akwai abin da ban gani a takardun da na karanta ba, alhali duk ɗan Sakkwato ya san shi. Hukumar manyan hanyoyin Amurka ta ce a titunan cikin gari gudu na raguwa da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 idan kwalta ta jiƙe. Su lokacin ruwan suke aunawa. Mu namu tashin hankalin a rabin awar da ke gaban ruwan yake. Hadari na haɗowa, gabas ta yi baƙi, sai gari ya ruɗe: 'yan kasuwa na rufe shaguna, ɗan kabu-kabu ya ɗauko uwa da yara uku yana rige-rige da iska, mai Keke Napep na kutsawa ta hannun da ba nasa ba, kowa ido rabi a rufe saboda ƙura, leda da kwano na shawagi. Ka tsaya a shataletalen Dandima ko bakin babbar kasuwa a irin wannan lokaci ka gani. Ba a rage gudu, ƙarawa ake yi, kuma fasinja ne ke cewa "taka mana mu riga ruwa". Na faɗi haka da bakina a baya, Allah ya yafe mini. Idan ruwan ya sauko sai babura su dunƙule a ƙarƙashin gadar sama da gidajen mai su toshe rabin titi. Idan ya ɗauke, lambatun da leda ta cike sun amayo ruwa, mutanen Mabera sun fi kowa sanin wannan, sannan washegari yashin da ruwa ya kwaso ya kwanta a kwanoni yana kayar da masu babur da rana tsaka, sama tas ba ko gajimare. Wa zai rubuta wannan faɗuwar a matsayin ta ruwan sama?

Ambaliya ba sai na ja ta ba. Waɗanda suka ga Satumbar 2010, lokacin da Kogin Rima ya yanke hanyar Kwalkwalawa ya raba Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari har kwale-kwale ya koma abin hawa, sun san abin da ruwa ke yi wa titi. Zan dai ajiye awo ɗaya daga hukumar yanayin Amurka don masu kutsawa cikin ruwan da ya haye kwalbati: mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30, tsawon rular ɗan makaranta, yana tafiya da ƙaramar mota.

Ga inda na dosa, ya Edita. Amurkawa na iya cewa kusan kashi 21 cikin 100 na haɗurran motarsu tsakanin 2007 da 2016 suna da nasaba da yanayi, kuma kashi 70 na waɗannan a jiƙaƙƙen titi suka faru, saboda sun haɗa littafi biyu wuri ɗaya. Mu ma muna da littattafan. NiMet na auna ruwa da zafi da nisan gani a filin jirgin sama. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, na rubuta haɗurra, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da alƙaluman. A jerin dalilan da ake fitarwa akwai gurbin rashin kyawun yanayi, kuma abin da ke faɗawa cikinsa ɗan kaɗan ne in aka gwada da gudun wuce kima, wanda ke kan gaba kullum. Ban musa cewa gudu na kisa ba. Amma gudun 80 da yake daidai ranar Talata a busasshen titi, shi ne ya wuce kima ranar Laraba bayan yayyafi, kuma direba ba zai san haka ba idan abin da ake gaya masa kawai shi ne lambar da ke jikin allo.

Roƙona ga sashen labarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da cibiyar nazarin sufuri ta NITT da ke Zariya, shi ne su nemi waɗannan bayanai na shekara 10 ko 15 na jihar nan, su jera su rana da rana kamar yadda Eisenberg ya yi. A gaya mana mako biyun farkon damina ya suke in an gwada da Agusta, ranakun hazo mai kauri ya suke a hanyar Illela, ƙarfe nawa taya ta fi fashewa a Afrilu, kuma a wane yanki na wace hanya. Aikin ɗaliban digiri na biyu ne, ba ya bukatar kwangila. Abin da zai sauƙaƙa shi shi ne jami'in da ya je wurin haɗari ya rubuta ainihin lokaci da ainihin wuri, ya kuma tambayi waɗanda suka tsira ko mutanen ƙauyen kusa ko titi a jiƙe yake lokacin da abin ya faru, ko da ya tarar da shi a bushe.

Kafin a gama binciken kuma akwai abin da za a iya farawa bana. NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowane yanki. Manoma ake yi wa shelarsa, kuma daidai ne. A yi wa direbobi ma. Kamar yadda ake gangamin watannin ƙarshen shekara, a ware makonni biyu a watan Mayu a shiga tashoshi tare da shugabannin ƙungiyar direbobi, a duba waifa da zanen taya da iska, a bar tsofaffin direbobi su yi wa yara magana da bakinsu, don sun fi jin nasu. Gidan Rediyon Rima da sauran tashoshinmu su ba da minti biyu bayan sallar asuba, da Hausar da kamasho zai iya maimaitawa a lasifika: yau hazo zai yi kauri, a kunna fitila ko da rana, kada a wuce tirela sai an ga sarari, yau ana sa ran hadari da la'asar, mai zuwa Gusau ya fita da wuri. Limamanmu ma in suka saka wannan a huɗubar Juma'ar da ke gaban damina, zai kai inda rediyo bai kai ba.

Ana ta aikin mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, an kuma ƙaddamar da aikin gina babbar hanyar Illela zuwa Badagry mai kilomita 1,068 a Oktoban 2024. Muna murna. Amma sabon titi gudu yake kira, kuma duk lissafin da na kawo a sama da gudu yake ƙaruwa. Ina roƙon injiniyoyin su kula da gangaren da zai zubar da ruwa daga kan titi, su bar wuraren rakuɓewa a kusa da garuruwa, kuma tun yanzu a yi tunanin 'yan na'urorin auna ƙura da ruwa a inda aka san iska na ratsawa.

Babban ɗan marigayin ya karɓi lasin bara, yana jan mota a hanyar da ubansa ya bi. Na kai shi wurin mai faci da kaina mun karanta lambobin tayoyinsa huɗu, mun canza biyu, na kuma sa ya yi mini alkawarin ranar da ruwan fari ya same shi a hanya zai shiga gari mafi kusa ya zauna, ko fasinja za su zage shi. Littattafan awona kuma suna nan a cikin akwatin ƙarfe, guda 9, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu amma ana karanta su. Duk ɗalibin da zai yi wannan aiki ya nemi adireshina ta ofishinka, zan ba shi su ya kwafa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Runjin Sambo, Sakkwato.